Tambaya da Amsa: Tabon da ke ganyen okid, bairos ne ko wani abu daban?

Wasiƙun wannan fitowar sun taru ne a kan cutar bairos a jikin furen okid. Mun zaɓi bakwai daga ciki, mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tukwanen okid kusan 20, yawanci Cymbidium da Phalaenopsis. Ɗaya daga cikin Cymbidium ɗin ya fito da siraran layuka rawaya a sabon ganye, tsofaffin ganyen kuma suna da baƙaƙen ɗigo da suka lotsa. Ƙawata ta ce bairos ne, in jefar da shi. Ta yaya zan tabbatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki jefar tukuna, amma ki ɗauke tukunyar daga cikin sauran tun yau. Ki ajiye ta inda ganyenta ba zai gogi na wata ba, ruwan da ya tsiyaye daga gindinta kuma ba zai kai ga kowace tukunya ba.

Abin da kika kwatanta ya yi kama da bairos sosai. An gano nau'o'in bairos fiye da 30 a jikin okid, amma biyu ne suka fi addabar masu kiwonsa a duniya, su ne kike gani a kan kwalin gwaji an rubuta CymMV da ORSV. Na farkon an raɗa masa suna ne daga Cymbidium, na biyun daga Odontoglossum, sai dai kowannensu yana kama Cattleya da Dendrobium da Vanda da Oncidium da Phalaenopsis, bai tsaya ga mai sunan ba. A jikin Cymbidium, CymMV yakan fara da layuka ko dabbare-dabbare masu haske da ke bin tsawon sabon ganye, idan ganyen ya tsufa sai baƙaƙen tabo su bayyana, galibi ta ƙasansa. A jikin Cattleya yakan bar ramuka baƙaƙe ko masu ruwan ƙasa a ganye, furen kuma ya buɗe lafiya lau, bayan 'yan kwanaki sai layuka masu ruwan ƙasa su ɓata shi, musamman farin fure. Shi kuwa ORSV an fi saninsa da zobe cikin zobe a ganye, da tabo mai kusurwa huɗu, da kuma wargaza launin fure: wani wuri ya yi duhu, wani ya koɗe, ba tsari. Idan biyun suka haɗu a shuka ɗaya, ɓarnar takan fi tsanani.

Matsalar ita ce abubuwa da yawa suna kwaikwayon waɗannan alamu. Wanda ya fi ruɗar mutane shi ne lahanin sanyi. Idan ruwa mai sanyi ƙwarai ya zuba a kan ganyen Phalaenopsis mai tasowa, ko dare ya yi sanyi fiye da kima, naman cikin ganyen yakan mutu, amma ba a ganin komai sai bayan makonni, lokacin da mai shukar ya riga ya manta da sanyin. Sai a ga layuka rawaya sun lotsa, daga baya su bushe. Bambancin shi ne ganyen da ya fito bayan haka yakan fito tas, alhali bairos yana bin kowane sabon tsiro. Ƙunar rana tana zama a gefen da ya fuskanci haske, babban tabo guda, fari sannan baƙi, kuma ba ta yaɗuwa. Cutar bakteriya jiƙaƙƙiya ce, tana da laushi, tana faɗaɗa cikin kwana biyu ko uku, wani lokaci har da wari. Tabon funfuna yakan girma a hankali, kuma idan kika duba da gilashin ƙara girma mai ninki 10 za ki iya ganin ƙananan ƙuraje baƙaƙe a tsakiyarsa. Akwai kuma 'yan mitsi-mitsin ƙwari dangin gizo-gizo da ke tsotsar ƙasan ganye su bar shi fari-fari kamar an yayyafa masa toka. Ki goga farar takarda mai laushi a ƙasan ganyen, in kika ga jan zane ko mai ruwan ƙasa, su ne.

A kan fure, ki kula da daidaito. Zanen da shuka ta gada yakan zo iri ɗaya a dama da hagu, iri ɗaya a kowane fure, kowace shekara. Wanda bairos ya jawo ba ya maimaita kansa, kowane fure da nasa.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan fanni iyakar idon shi ne ya sa ki zargi, ba ya yanke hukunci, ko da idon wanda ya shekara da shekaru yana kiwon okid ne. Shuka takan ɗauki bairos shekaru ba ta nuna komai, wata kuma ta cika da tabo alhali babu bairos ko ɗaya a jikinta. Ki gwada wannan Cymbidium ɗin, ki kuma gwada duk waɗanda kika yanka da almakashi ɗaya da shi.

Tambaya: Na sayi tsinken gwajin CymMV da ORSV, amma takardar da ta zo da shi ba ta gamsar da ni ba. Ina neman bayani dalla-dalla don kada in ɓata su.

Amsa: Malam, aikinsa ɗaya ne da tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro: ruwan samfur yana hawa jikin tsinken, in akwai abin da ake nema sai layi ya fito. Kamfanoni kaɗan ne ke yin na okid, sanannu a ciki su ne Agdia a Amurka da Rega a Taiwan. Awon da za mu bayar na irin Agdia ne, mai zuwa da 'yar jakar leda da raga a ciki da ruwan niƙa mililita 3. In naka daban ne, bi awon takardarsa, amma kurakuran da ake yi duk ɗaya ne.

Ana ajiye tsinken da jakar a firij, ba a cikin ƙanƙara ba. Ka fito da su kamar minti 15 kafin aiki su huce. Kada ka buɗe kwalbar tsinken tana da sanyi, domin raɓa za ta sauka a kan sauran ta lalata su. Ka ɗauki ɗaya ta wajen mariƙinsa ka rufe nan take.

Zaɓen ganye shi ne rabin aikin. Ka yanko daga bakin tabon, inda kore ya haɗu da wurin da ya canza launi. Busasshen wuri baƙi ya riga ya mutu, ba za ka sami abin kirki a cikinsa ba. In shukar ba ta nuna alama, ka ɗebi ɗan guntu daga ganyen da ya gama girma da ɗan guntu daga saiwa mai rai ka haɗa, saboda bairos ba ya bazuwa daidai a ko'ina cikin jikin shuka. Ka yi yankan da sabuwar reza, hannunka cikin safar roba, ka sauya duka biyun kafin ka taɓa shuka ta gaba. Abin takaici ne mutum ya yaɗa cutar a wajen neman ta, kuma hakan yana faruwa.

Nauyin da ake so shi ne giram 0.15, wato kashi 1 na ganye cikin kashi 20 na ruwa. A siririn ganye wannan ya kai faɗin santimita 2.5 ta kowane gefe. Ganyen Phalaenopsis ko Cattleya yana da kauri, don haka kusan santimita 1 ya isa. A nan yawancin mutane ke kuskure, suna ganin yawan ganye zai ƙara tabbaci. Akasin haka ne: ruwan sai ya yi kauri da yauƙi, ya ƙi hawa tsinken, ko ya bar koren datti a wurin layi.

Ka sa guntun tsakanin raga biyun, ka kwantar da jakar a kan tebur, ka murje ta waje da gindin biro ko bayan cokali har ganyen ya narke, ruwan ya koma kore mai haske. Ka bar shi kamar minti 3 ya kwanta. Sannan ka tsayar da jakar, ka zura tsinken ta gefen da babu raga, bakinsa kawai ya shiga ruwa, kimanin rabin santimita, kada ya wuce layin da aka shata. In ya nutse fiye da haka, sinadarin da ke bakinsa zai wanke ya bi ruwan jakar maimakon ya hau sama, gwajin ya tashi a banza.

Idan bairos ya yi yawa, layi kan fito cikin minti 5 zuwa 10, amma kada ka ce babu sai minti 30 sun cika. Layuka uku ne ke iya fitowa: na tabbatar da cewa tsinken ya yi aiki, na CymMV, da na ORSV. Ka duba hoton takardar don sanin wanne ne wanne, domin jerin ya bambanta tsakanin kamfanoni. In layin tabbatarwa bai fito ba, sakamakon ba shi da amfani ko me ya nuna, sai ka sake da sabo. Ka ɗauki hoto a minti na 30, ka rubuta sunan shuka da kwanan wata. Abin da ya bayyana washegari bayan tsinken ya bushe ba a lissafa shi.

Tambaya: Tsinkena ya nuna layi, amma dishi-dishi ƙwarai. Akwai ko babu?

Amsa: Ki duba launinsa a hasken rana. In ja ne ko ruwan hoda irin na layin tabbatarwa, komai rashin ƙarfinsa, ki ɗauka akwai, ki ware shukar, ki sake gwaji da wani ganye bayan mako 3 ko 4. In kore ne ko ruwan toka, dattin ganye ne ya maƙale, alamar samfurin ya yi yawa. Ki rage shi ki sake yau.

Tambaya: Sau biyu ina gwada wani Dendrobium, duka babu. Amma zobba rawaya masu baƙin tsakiya suna ƙaruwa a ganyensa, har na fara ganinsu a tukunyar da ke kusa. Tsinken ne ba shi da kyau?

Amsa: Wataƙila tsinken lafiyarsa ƙalau. Abu biyu kawai aka yi shi ya gani, duk wani bairos da ba su ba zai wuce ta gabansa bai sani ba. "Babu" a tsinken yana nufin ba a sami CymMV ko ORSV a guntun da ka niƙa ba, bai ce shukar lafiya take ba.

Yadda ka kwatanta, da yadda abin ya tsallaka zuwa tukunyar maƙwabta ba tare da yanka ba, ya sa muna zargin wanda ake kira OFV, wanda aka fara bayyanawa a Japan. Wani ɗan ƙwaro ne dangin gizo-gizo mai suna Brevipalpus ke ɗaukarsa, ja-ja ne, shimfiɗaɗɗe, ba ya saƙa yana, kuma da ƙyar ido ke ganinsa sai da gilashi. Ka duba ƙasan ganye kusa da jijiyar tsakiya. In ka same shi, ka fesa maganin da aka rubuta a jikinsa cewa na wannan dangin ƙwari ne, domin yawancin magungunan ƙwari na gama-gari ba sa taɓa shi. Ka jiƙa ƙasan ganye sosai, ka maimaita bisa tazarar da takardar maganin ta faɗa saboda ƙwai da za su ƙyanƙyashe daga baya, kuma ka haɗa da duk tukwanen wurin. Akwai wasu nau'o'in bairos da darɓa ke yaɗawa, irin wanda ke damun Masdevallia, da wasu da ƙananan ƙwarin cikin fure ke kawowa. Su ma tsinken ba ya ganinsu.

Akwai dalili na biyu da ke sa gwaji ya ce babu alhali akwai. Shukar da ta kamu kwanan nan ba ta tara bairos da yawa ba tukuna, yakan ɗauki makonni har watanni kafin ya kai yadda tsinke zai kama. Don haka in ka san an yanke ta da ƙarfen da ake zargi, gwajin mako na farko ba hujja ba ne.

Mai warware wannan shi ne ɗakin gwaje-gwajen cututtukan tsirrai, irin na jami'o'i da cibiyoyin binciken noma. Suna da gwajin ELISA, mai aiki da dabara ɗaya da tsinken amma ya fi dacewa da samfura masu yawa, da RT-PCR mai neman ƙwayar halittar bairos ɗin kanta, wanda ya fi kowanne kaifi kuma shi ake amfani da shi wajen OFV. Ka tuntuɓe su kafin ka aika, ka faɗi abin da kake zargi. Ka aika ganye ɗanye mai alama, a naɗe cikin busasshiyar takarda a leda mai suna, kada ka jiƙa shi don zai ruɓe a hanya.

Tambaya: Kullum ina goge almakashina da sifirit tsakanin shuka da shuka. Ya wadatar?

Amsa: Bai wadatar ba, Hajiya, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a yau. Sifirit yana kashe bakteriya da irin bairos mai lulluɓin kitse. CymMV da ORSV ba su da wannan lulluɓi, rigarsu furotin ce zalla, sifirit ba ya yi musu komai. ORSV ɗan'uwan bairos ɗin ganyen taba ne, dangin da suka yi suna wajen taurin rai, yana iya zama da ƙarfinsa watanni a busasshen ruwan ganye a jikin ƙarfe ko tukunya. Kuma waɗannan biyun ba ƙwari ne suka fi yaɗa su ba. Hannun mai shuka da kayan aikinsa su ne babbar hanyarsu.

Mafi sauƙi shi ne reza guda ga shuka guda, a jefar bayan an gama. In almakashi ne dole, ki share danƙon da ke jikinsa tukuna, sannan ki gasa bakinsa a harshen wutar gas, ciki da waje har zuwa mahaɗa, ya yi zafi sosai, ki bar shi ya huce. Tsoma shi a sifirit a kunna masa ashana bai kai ba, wutar takan mutu kafin ƙarfen ya ɗau zafi. Hanya ta biyu ita ce bilic na wanki mai ƙarfin kashi 5 ko 6 cikin 100: awo 1 a cikin awo 9 na ruwa, a jiƙa minti 10, a ɗauraye. Ki haɗa sabo kowace ranar aiki domin ƙarfinsa yana gudu, datti kuma yana cinye shi. Yana sa tsatsa, sai ki busar ki shafa mai. Kada ki taɓa gauraya shi da wani sinadarin wanki, hayaƙin da ke fita yana da haɗari. In kina da almakashi uku kina juya su, ba za ki tsaya jira ba.

Tukunyar roba a kankare duk saiwar da ta manne, a wanke, a jiƙa cikin wannan haɗin aƙalla awa 1. Ta yumɓu tana shan ruwan saiwa cikin ƙofofinta, gara a gasa ta a murhun gashi a digiri 200 na awa 2. Tsohon ɓawon itacen da ake shuka okid a ciki da sandunan tokara da kwandon katako a zubar, ba sa tsabtatuwa. A wajen sauya tukunya ki shimfiɗa sabuwar takarda ga kowace shuka.

Hanyoyi biyu da ake yawan mantawa: tsoma tukwane ɗaya bayan ɗaya cikin bokiti guda na ruwa ko taki, da tsinke busasshen fure da farce ana bi layi-layi. Haka nan kada ki rataye wata tukunya a saman wata inda ruwa zai ɗiga.

Tambaya: Gwaji ya tabbatar Cattleya ɗina mai wuyar samu yana da CymMV. Akwai magani? In na raba shi, ko na cire ɗan tsiron da ba shi da tabo, zai tsira?

Amsa: Babu feshi ko taki ko allura da ke fitar da bairos daga jikin shuka, duk wanda ya sayar maka da irin wannan ya cuce ka. Yanke ganyen da ya yi tabo ma kwalliya ce kawai. Rabi da ɗan tsiro duk ruwa ɗaya suke sha da uwar, don haka da cutar za su tashi ko da sun yi kyau a ido.

Ga yawancin shuke-shuke shawararmu ita ce a sa su a leda da ɓawon da suke ciki a zubar ko a ƙone, kada a sa a takin gargajiya, kada kuma a ba wani kyauta. In ba za ka iya rabuwa da shi ba, ka ba shi wuri nasa nesa da sauran, da kayan aikinsa daban, ka sa masa alama, ka riƙa taɓa shi a ƙarshe sannan ka wanke hannu da sabulu. Cutar ba ta kama mutum ko dabba.

Hanyoyi biyu ne ke ceto jinin shukar. Ta farko iri: CymMV da ORSV ba sa shiga cikin ƙwayar irin, amma suna cikin naman kwanson. Don haka a bar kwanson ya nuna ya tsage, a ɗebi busasshen iri, a wanke shi da bilic mai rauni kafin a shuka a kwalba. In aka yanka kwanson yana ɗanye, wuƙar za ta kwashi ruwan uwar ta shafa wa 'ya'yan. Ka sani dai 'ya'yan iri ba za su zama kwafin uwar ba. Ta biyu ita ce a ciro ƙurewar kan tsiro, ƙasa da rabin milimita, inda bairos bai cika kaiwa ba, a raine shi a kwalba, wani lokaci tare da zafi ko maganin ribavirin. Georges Morel na Faransa ne ya bayyana wannan dabara a kan Cymbidium a 1960, kuma daga nan aka sami hanyar ninka okid dubbai daga tsiro guda. Aikin ɗakin gwaje-gwaje ne, yana ɗaukar shekaru kafin a ga fure, ba kullum yake nasara ba, kuma dole a gwada kowane ɗa da ya fito.

Tambaya: Zan sayo sababbin okid. Me zan yi kafin in haɗa su da na gida?

Amsa: Ki tambayi mai sayarwa ko daga iri aka tayar da su, ko daga kwalbar ninkawa, ko rabi ne na tsohuwar shuka. Na iri sun fi aminci. Na kwalba sun dogara ga uwar da aka ninka, in tana da cutar duk 'ya'yan suna da ita. Rabin tsohuwar shukar da ta bi hannaye da yawa shi ya fi kowanne haɗari, saboda an yanke ta sau da dama da ƙarfen da ba wanda ya san tarihinsa.

Ki ware sababbin aƙalla wata 2, ki duba ƙasan ganyensu da gilashi kowane mako saboda ƙwari. Ki gwada su a makon farko, tun ana iya mayarwa, sannan ki sake bayan wata 3 ko lokacin da sabon ganye ya gama girma. In tsinken bai isa kowa ba, ki fara da rabe-raben tsofaffin shuke-shuke, da duk wadda za ki raba ko ki yi barbara da ita, domin dunƙulen garin fure ma yana iya ɗaukar bairos zuwa ga uwar da aka sa wa shi. Kada ki haɗa ganyen shuka biyar a jaka ɗaya don tsimi, kowanne zai tsarma ɗan'uwansa har mai ƙaramin bairos ya ɓace. Ki rubuta kwanan watan gwaji da sakamakonsa da fensir a bayan alamar kowace tukunya, tawadar biro tana gogewa da ruwa da rana.